Alewar da Inna Tani Ta Shanya

"Ke 'yar kuku, me kike dafawa ne ya cika min gida da wani irin ƙamshi kamar na magani?"

Inna Tani ce tsaye a bakin madafi, hannu a ƙugu. Wata bakwai ke nan da aka kawo Hajara wannan gida na Bebeji, amma ko sau ɗaya uwar mijinta ba ta kira sunanta ba. Ba kuwa kunyar surukuta ba ce, ƙi ne tsagwaronsa. Laifin Hajara ɗaya: ta tashi ba uwa a barikin Zariya, hannun mahaifinta Ladan, kukun wani Baturen jirgin ƙasa. Ta iya gasa burodi, amma tuwonta sai da gudaji, alkaki kuwa ko murza shi ba ta iya ba.

Hajara ta durƙusa. "Cakulan ne, Inna. Alewar Turawa ce, Baba ya aiko min ta tashar Dangora. Ina so in yi ta saboda walimar gobe."

"Alewar Turawa a walimar Alƙur'ani? Gidan da aka san shi da alkaki tun kaka da kakanni?" Inna Tani ta ja tsaki. "Yi abinki. Amma ki sani, kika kunyata ni gaban matan Kiru da Tudun Wada, ba za ki ƙara kwana a gidan nan ba."

Ba barazanar banza ba ce. Surajo, mijin Hajara, ya gama rubuta Alƙur'ani da ka, gobe Juma'a bayan la'asar za a yi masa walima. Tun shekaranjiya uwarsa ta kira shi ɗaki, ta miƙa masa farar takarda, ta ce in an watse ya rubuta wa yarinyar nan saki da alƙalamin da ya yi rubutun. Ya roƙa har da hawaye. Da ƙyar ta sassauta, ta ce to, a ga abin da za ta fitar wa baƙi. Ita dai ta tabbata babu abin da 'yar kuku za ta fitar.

Bayan Inna ta wuce, Surajo ya shigo da wani katako a ƙarƙashin riga. Kwana uku yana sassaƙa shi a zaure, ya ƙwaƙule ramuka goma sha biyu, kowane da siffar ɗan ƙaramin allo, har da ɗan kan da ake riƙewa.

"Ya yi?" ya tambaya a hankali.

"Ya yi, Malam. Haka Turawa ke yi in za su yi fati, alewar sai ta dace da abin da ya tara mutane. Mu allo ya tara mu." Ta dube shi. "Takardar tana ina?"

Ya sunkuyar da kai. "Tana aljihuna. Hajara, uwata ce, ba zan iya ɗaga mata murya ba. Amma wallahi ko taɓa ta ba na so."

Hajara ta juya wajen murhu. Ta ɗora ƙaramin kwano a cikin tukunyar ruwan zafi, ta kakkarya cakulan a ciki, tana juyawa da cokali har ya narke. Ta zuba dakakkiyar gyaɗa, ta shafe ramukan da man shanu, ta ɗura, ta kai gindin randa ya daskare, ta juye. Ta yi ta maimaitawa har yamma, ta jera 'yan alluna sittin a babban faranti mai baki. Ta jiƙa yashin gindin randa, ta ajiye farantin a kai, ta rufa da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Washegari da hantsi aka tura ta maƙwabta wajen suyar waina. Inna Tani ta zo shan ruwa, ta yi tuntuɓe da faranti. Ta ɗaga ƙyallen, ta taɓa, ta ji danshi. A iya saninta, duk abin da ke da danshi rana yake so: kuɓewa, barkono, tsaki, har dawo. Ta yi murmushin mugunta. Ga shi, yarinya ko shanya ba ta sani ba! Bari ta gyara mata, in ya so a gaban mata ta faɗi wanda ya ceci alewar daga ruɓewa. Ta ɗora farantin a kan rumfa inda rana ta fi ƙarfi, ta kifa masa faifanta mai jan baki saboda ƙuda.

Sai bayan azahar Hajara ta dawo. Mata sun fara cika tsakar gida. Ta duba gindin randa, wayam. Da ta hango faifan a kan rumfa sai ta ruga. Ta sauko da farantin, ta buɗe. Babu allo ko ɗaya, sai baƙin ruwa mai kauri yana ƙyalli.

Wata tsohuwa ta leƙa ta ce, "Wannan ce alewar? Ai ka ce kwata."

Aka kwashe da dariya. Inna Tani ta iso, ta ga abin da ya faru, ta gane aikinta ne. Amma maimakon ta yi shiru sai ta ɗaga murya.

"Kun gani ko? Abin da na yi ta faɗa ke nan. A kira min yaron nan ya zo da takardarsa!"

Hayaniyar ta shigo da Malam Inuwa, maigidan, Surajo na biye da shi. Malam Inuwa mutum ne da ba ya faɗa sau biyu, kuma tun da safe ya gaya wa malamai a zaure cewa surukarsa ta yi musu abin da ba su taɓa ci ba.

"Wa ya kai wannan abu rana?" ya tambaya. "Ko wace ce, yau ta ɓata min taro, kuma a gaban mutanen nan zan yi mata hukunci."

Faifan yana hannun Hajara, kuma duk unguwar an san mai saƙa jan baki irin wannan. Ɗaga shi kawai za ta yi, wata bakwai na zagi su fita a rana ɗaya, aurenta kuma ya tsira. Zuciyarta ta ce ta ɗaga. Ta dubi Inna Tani, ta ga leɓen tsohuwar yana rawa. Ta dubi Surajo, wanda uwarsa ce za a tozarta ranar farin cikinsa. Sai ta tura faifan ƙarƙashin mayafinta.

"Laifina ne, Baba. Ban yi wa kowa bayanin cewa ba ya son rana ba."

Malam Inuwa ya yi mata faɗa mai zafi, ta sha shi a durƙushe, hawaye na ɗiga a ƙasa. Da ya fita ta ɗauki farantin ta shiga madafi, ta sake ɗora ruwa. Cakulan yana sake narkuwa, wannan ba wuya. Wuyar ita ce daskarewa: a gindin randa sai an yini kafin a gama, ga la'asar ta kawo jiki.

Inuwar mutum ta tare ƙofa. Inna Tani ce, fuska a murtuke.

"Don me kika rufa min asiri? Kina tsammanin zan gode miki?"

"A'a, Inna. Ke kika haifa min shi."

Tsohuwar ta ce, da muryar faɗa, "Sanyi yake so?"

"Sanyi, Inna, mai yawa."

"To ke da wayonki na bariki ba ki san rijiya ba? A ina kike zato nake ajiye man shanu da bazara? Miƙo min kwandon can da igiyar guga."

Hajara na ɗurawa, Inna Tani na zura katakon cikin kwando har dab da ruwa, tana ƙirga lokaci da carbi, tana jawowa. Ba su sami sittin ba, talatin da shida suka samu kafin a kira salla. Malamai suka riƙa juya 'yan allunan a tafin hannu suna dariya, wani dattijo daga Doguwa ya ƙulle nasa a bakin rawani wai zai kai gida, sai da aka yi masa gargaɗi cewa zai narke.

A cikin gida matan suka tambayi wace ce gwanar. Inna Tani ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Wa kuwa? Hajara ce. Ni na shanya mata alewar a rana da jahilcina, ta ɗauki laifin."

Da aka watse ta kira Surajo. "Kawo takardar nan."

Ya miƙa mata. Ta karɓa, ta ciro allon cakulan ɗaya da ta ɓoye, ta naɗe shi a cikin farar takardar, ta danƙa wa Hajara.

"Ungo, 'yata. Na lura tun jiya ko lasa ba ki yi ba."

Hajara ta fashe da kuka, Surajo ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Gwaninta ba ta sayo wa Hajara zaman gidan nan ba, don gwanintar a rana ta narke. Abin da ya zaunar da ita shi ne haƙurin da ta yi a daidai lokacin da take da ikon ramawa. Wanda Allah ya ba damar tona asirin mai ƙinsa ya rufa, ya yi babban rabo. Iyaye kuma su ji tsoron Allah, su daina auna 'yar mutane da sana'ar ubanta.