Sashen da Ban Rubuta Ba

Ina da shekara sittin da ɗaya na koya wa kaina rubuta manhaja, ba wanda ya zaunar da ni. Gidan baƙi gare ni a unguwar Nombakélé. Manhajar gidan sassa uku ce: ɗakuna, kicin, ƙofa. Duk daga rumbun bayani ɗaya suke ɗiba; ka canza abu a rumbun, ko'ina ya canza. Kuskurena ɗaya: na bar kowane sashe yana iya rubutu a ciki.

Wata Laraba, gab da magariba, na dawo daga kasuwar Mont-Bouët na leƙa kicin. Momo, mai dafa mana abinci, ta jera kwano takwas. Mu tara ne.

"Ina na Hadijatu?"

Ta dubi wayarta, ta dube ni. "Wace Hadijatu, Hajiya?"

Jikata. Momo ce ta goya ta.

Na buɗe kwamfuta. Ɗaki na bakwai, ɗakinta: babu kowa. Sashen ƙofa ma bai san ta ba. Can ƙasa ga wani sashe da ban rubuta ba, ba suna. Ina kallo yana goge ta daga rumbun.

Fanka ta tsaya. Hon ɗin taksi ya ɗauke. Warin tsohuwar rijiya ya cika ɗakin.

Daga ɗaki na bakwai, ƙwanƙwasa a hankali. "Kaka..."

Na nemi fuskarta a raina. Babu.

Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyata. "Wurina ne tun nan yana daji."

Ban waiga ba. "Ni na gina, ni na rubuta. Ba ka isa ka goge min jika ba."

Na duƙufa kan kwamfutar. Ina karanta Ayatul Kursiyyu na ƙwace ikon rubutu daga kowane sashe, na damƙa wa uwar manhaja ita kaɗai. Sassan, 'ya'yanta, su karɓa, kada su taɓa.

Saura sunan. Yana kuɓuce min.

Ha... di...

Na buga. Na adana.

Ƙofa ta ɓalle. Hadijatu ta faɗo jiƙe sharkaf, tana haki. Momo ta saki ludayi. "Innalillahi, 'yata!"

Sashen nan ya ƙi goguwa har yau. Kowace magariba sai ya nemi izinin rubutu a ɗaki na bakwai, ni kuma da yatsana nake danna masa a'a. Na san lissafinsa: jira yake in mutu. Ya yi ta jira. Hadijatu ta riga ta iya dannawa.