Fushin da Haulat Ta Sa wa Alam

Ranar kasuwar Ajingi Muzammil ya fara ganinta, kuma bayanta ya fara gani, don da gudu take bin motar da ta sauke ta tana ɗaga hannu. Motar ta tsaya, ta leƙa ta ɗauko jakarta, ta juyo tana haki. Ba ta yi taku goma ba kwandasta ya ƙwala mata kira, ya miƙo mata wayarta ta taga.

Muzammil malamin firamare ne a Gaya, gyaɗa ya zo saya wa mahaifiyarsa. Ya so ya daure, dariyar ta ƙwace masa.

"Malam, lafiya? Dariyar me kake yi?" ta ce, ta haɗe rai.

"Yi haƙuri, takalminki ne. Ɗaya baƙi, ɗaya ja."

Ta dubi ƙafafunta, sai ita ma ta tuntsire da dariya har tana dafa jakar. A nan ya ga bayan hannunta, zanen lalle ne siriri, ganye a kan ganye, babu inda layi ya kauce.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Ni mana. Da hagu ma na yi."

Bai sayi gyaɗar ba ranar. Lambar waya ya koma da ita Gaya, Hajiyarsa ta yi ta faɗa.

Sunanta Haulat, 'yar Malam Inuwa, amma duk unguwarsu Mantau ake ce mata. Ta ƙona tuwo ba adadi. A aike ta sayo gishiri, sai ta dawo da labarin wata akuya da ta haifi 'ya'ya uku, babu gishirin. An yi mata ruƙiyya sau biyu, an turara mata hayaƙi har ta yi tari, ba abin da ya sauya. Amma a ba ta hannun amarya da ledar lalle, sai ta yi awa biyar ba ta ɗago kai ba, ko ƙishirwa ba ta ji. Abin da ya fi ƙona mata rai game da kanta shi ne fushi ba ya kwana a zuciyarta. A zage ta da safe ta yi kuka kamar ranta zai fita, kafin azahar ta manta, har ta kai wa mai zagin ƙosai. Mutane sun gane haka, shi ya sa kowa ke taka ta yadda ya ga dama.

Muzammil bai taɓa ce mata Mantau ba. Mai Lallena yake kiranta, ita kuma ta ce masa Malamina. Wata rana suna zance a zauren gidansu, ta katse shi sau huɗu a magana ɗaya, ta kama bakinta tana ba shi haƙuri.

"Bar ba ni haƙuri," ya ce. "A kwaleji mun karanta irin wannan. Ni ba likita ba ne, amma ina ganin abin nan yana da suna, kuma ba aljanu ba ne, ba iskanci ba ne. Ki roƙi Baba ya bar ki ki ga likita a Kano."

Malam Inuwa ya yarda, ya haɗa ta da Suwaibatu, 'yar wansa, wadda suka tashi tare tun suna wasan 'yar tsana. Bayan zuwa uku da tambayoyi masu yawa, likitar ta ce mata sunan abin ADHD. Ta ce hankalinta ne ba ya zama inda aka ajiye shi sai inda ya so, kuma haka aka halicci mutane da yawa. Ta koya mata dabaru, ciki har da sa alam a waya don kowane aiki. Haulat ta yi kuka a motar dawowa, kukan daɗi, ta kwantar da kai a kafaɗar Suwaibatu.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Mai Lallena, yau kin san shekara ashirin da biyu ana ɗora miki laifin da ba naki ba. Ni dai yadda kike na gan ki, da takalmi kala biyu, kuma haka nake son ki. Zan turo magabatana."

Daga nan wayarta ta zama mai gadinta. Alam na sauke tukunya, alam na ɗaure akuya, alam na cajin wayar kanta. Tuwo ya daina ƙonewa, sai jefi-jefi.

Sai aka zo bincike. Hajiya Kubura, mahaifiyar Muzammil, ba ta wahalar da kanta ba, don tana da 'yar gida a hannu. Suwaibatu ce za ta auri Hadi, ɗan ƙanwar Hajiyar, an ma sa rana. Hajiyar ta kira ta a waya ta ce, "'Yata, tsakaninki da Allah, yaya halin 'yar'uwar nan taki?"

Suwaibatu ta daɗe tana jin kunyar a ce ita ce 'yar'uwar Mantau, ga shi yanzu za a biyo ta da ita har dangin miji. Ta sassauta murya ta ce, "Hajiya, ba na son tona asiri, amma tana da taɓuwa. Ni da kaina na raka ta asibitin masu taɓin hankali sau uku."

Magana ta tsaya cak. Hajiya Kubura ta ce ko bayan ranta ba ta yarda ba. Muzammil ya yi bayani har muryarsa ta dishe, ta ce soyayya ce ta rufe masa ido. Kafin mako ya zagayo zancen ya dawo Ajingi a bakin mata, har da sunan wadda ta faɗa.

Ranar da Haulat ta ji, ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gado tana jin zuciyarta na tafasa, kuma tsoro ɗaya ne ya kama ta, kada gobe ta tashi ta ji babu komai, ta je ta gaishe da Suwaibatu da fara'a. Ta ɗauki waya ta sa sabon alam, kullum ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar. Ta rubuta masa suna: "Kar ki manta, Suwaibatu ta ce wa Hajiya ke mahaukaciya ce."

Kullum alam ɗin ya buga sai ta bar abin da take yi ta zauna ta yi fushinta na minti goma, tsaf, kamar mai shan magani.

Kwana tara ba ta ga Muzammil ba, bai kuma kira ba, ta ce shi ke nan, shi ma ya yarda. A rana ta goma sai ga shi a zaure, ya rame, ido ya faɗa.

"Saƙo shida na turo miki, Haulat. Ko ɗaya ba ki amsa ba."

"Na amsa mana! Kai ne ka yi shiru!"

Ta buɗe wayar don ta ƙaryata shi. Ga amsar nan doguwa, har da kuka a ciki, tana zaune a wurin rubutu, ba ta danna turawa ba. Sauran biyar ɗin kuwa a zuciyarta ta amsa su. Ya karɓi wayar ya danna da kansa, tasa ta yi ƙara a aljihu, suka dubi juna, dariya da hawaye suka haɗe mata.

"Ina nan, Mai Lallena. Hajiya uwata ce, ba zan yi mata tsawa ba, amma ba zan auri wata ba."

"To ni kuma sai na rama," ta ce tana share ido. "Wallahi sai Suwaibatu ta ji abin da na ji."

"Me za ki yi?"

"Ba ruwanka, Malamina."

Dama ta kawo kanta. Duk Ajingi babu mai lalle kamar Haulat, kuma Suwaibatu, da ta saba 'yar'uwarta ba ta riƙo, ta aiko wai ita za ta yi mata ƙunshin biki. Haulat ta ce to, da murmushi. Ta nemo tsohon dayis, rinin baƙin zane, da ya sha iska ya mutu, ta kwaɓa shi daban. A hannu zai yi baƙi sosai, amma da an wanke zai bi ruwa, amarya ta shiga gidan miji da hannu fari fat. Daɗin abin, ba wanda zai ce da gangan ne. Za a ce halin Mantau ne. Sunan da suka liƙa mata shi zai rufa mata asiri. Ta ɗaure kwaɓin a baƙar leda ta ɓoye shi inda ba wanda zai gani.

Ranar ƙunshi ta juye ɗakinsu kaf. Ƙarƙashin katifa, cikin akwati, bayan buhun gero, babu leda babu dalilinta. An aiko kiranta sau uku. Ta tsaya tsakar ɗaki tana cizon yatsa don takaici, ta ɗauki kayan aikinta na kirki ta fita tana ƙunƙuni.

Gidan su Suwaibatu ya cika da mata, ga dangin ango daga Gaya sun kawo kayan lalle, Hajiya Kubura na tsakiyarsu a kan darduma. Haulat ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa da ƙyar tana kallon gefe.

Ta kama hannun Suwaibatu da niyyar ta ɓata mata zanen da gangan, ko yaya ne. Amma tana ɗora layin farko hannunta ya ƙi ba ta haɗin kai. Fure ya kira ganye, ganye ya kira reshe, hayaniyar gidan ta ɓace mata. Aka kawo abinci ba ta gani ba. Mata suka bar hira suka zagaye ta, Hajiya Kubura ma ta matso da dardumarta tana leƙe. An tashi salla an dawo, ita sai da aka taɓa kafaɗarta ta je ta yi, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ƙarfe huɗu da rabi waya ta ɗauki ƙara a kan tabarma. Hannun Haulat duk lalle ne. Hajiya Kubura ce ta fi kusa, ta ɗauka don ta kashe, sai ta tsaya, ta nisanta wayar da idonta, ta karanta a fili, a hankali, kalma bayan kalma.



"Ke, mene ne wannan?" in ji Hajiya.

Haulat ta ji fushin ya dawo mata sabo. Ba ta saki yatsun Suwaibatu ba.

"Hajiya, tuni ne. Ni mantuwa gare ni, in ban sa ba sai in yafe ban sani ba. Asibiti kuwa na je, gaskiya ne. Likita ta ce hankalina ne ba ya zama wuri ɗaya, ta koya min yadda zan bi da shi, takardar tana wurin Baba. Suwaibatu na zaune a gefena aka faɗa. A kafaɗarta na yi kuka." Ta juya ta dubi amarya. "Ko ƙarya na yi, Suwaiba?"

Suwaibatu ta so ta rufe fuska, hannu biyu duk ɗanyen zane. Ta so ta tashi, ƙafafu na ɗaure cikin leda. Haka ta zauna a gaban dangin mijinta, hawaye na zuba ba halin sharewa.

"Ba ƙarya ba ne," ta ce can ƙasa. "Kunya nake ji a ce 'yar'uwata ce."

"Kuma Hajiya, kar ki ɗauke ni mutuniyar kirki," Haulat ta ƙara. "Na kwaɓa mata lallen da zai wanke, don in kunyata ta. Ɓoye shi na yi na manta inda na sa."

Wata tsohuwa ta fara ƙyalƙyalewa, sai gidan ya ɗauka. Hajiya Kubura ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana duban zanen, sannan ta dubi yarinyar da ta yi awa huɗu tana ƙawata hannun da ya cuce ta.

"Ƙarasa mata," ta ce. "In kin gama, ga nawa hannun."

Kafin magariba saƙo ya shigo: "Mai Lallena, Hajiya ta kira ni tana ta faɗa wai me nake jira ban tura kawunnaina ba. Me kika yi mata?"

Ta rubuta: "Lalle." Wannan karon ta duba sau biyu ta tabbatar ya tafi.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura auren a Ajingi, aka kai amarya Gaya. Malam Inuwa ya sa musu albarka, Hajiya Kubura ta riƙe hannun Haulat ta ce duk wanda ya sake ce mata Mantau a gidanta zai gamu da ita. Suwaibatu ta zo, ta yi wanke-wanke tun safe ba ta ɗaga ido ba, da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta nemi gafara. Haulat ta ce za ta duba.

Washegari da yamma tana shirya kwanukan jerenta, ta buɗe wata sabuwar kula da ta daɗe a ajiye a ɗakinsu na gida, sai ga baƙar leda a ciki, kwaɓin ya bushe ƙamas. Tana riƙe da ita tana nuna wa Muzammil, alam ɗin huɗu da rabi ya buga.

Ya ɗauki wayar ya karanta, ya miƙa mata.

"Amarya, lokacin fushi ya yi. In ba ki wuri?"

Ta zauna a bakin gado ta haɗe rai iya ƙarfinta. Ta nemi fushin sama da ƙasa, shi kuwa ya tsaya yana kallonta da murmushin nan nasa na ranar kasuwa. Ko minti ɗaya ba ta kai ba.

"Kai ka ɓata min," ta ce. "Da ban gan ka ba da na iya."

Ta goge rubutun, ta tsaya tana tunani, ta rubuta wani ta nuna masa: "Malamina ya kusa dawowa. Ki duba tukunya."

"Allah Ya bar mu tare, Mai Lallena."

"Amin," ta ce. Sai ta ɗaga hanci ta shaƙi iska, ta zaro ido, ta zura da gudu madafa, shi kuma ya bi bayanta yana dariya.