Asabar ta Ƙarshe

Ranar da Afiniki, malamar firamare a Kwoi, ta fara ganin Silvanus, mai ba jirage hanya, a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, tambaya ce ta kai ta wurinsa. Ita dai akwai bin diddigi.

"Malam, jirgin kaya ne ya riga isowa. Don me ka tura shi gefe?"

Ya naɗe jar tutarsa yana murmushi. "Na fasinja ya fi shi gaggawa. In ya wuce, wannan ya ci gaba daga inda ya tsaya."

"In wani mai gaggawa ya sake zuwa fa? Bayansa kuma wani?"

Silvanus ya sake dubanta da kyau. Tun daga nan ta shiga ransa.

Sai dai yadda yake tafiyar da jirage, haka yake tafiyar da kansa. Ana tsakiyar hira, da an ce ana nemansa a tasha sai ya miƙe. Sau uku mahaifinta, Baba Kambai, yana sa masa ranar zuwa gaisuwa, sau uku takarda ce ke zuwa: "Tauraruwata, yi haƙuri, aiki ya taso. Asabar mai zuwa."

Dattijo ya fusata. "Ga Wilfred ɗan Fasto, kullum yana gidan nan yana neman aurenki. In wancan bai zo Asabar ba, na gama magana."

Afiniki ta sha kuka, don Silvanus take so. Ta rubuta masa: "Masoyina, na gane tsarinka. Amma abin da ya daɗe yana jira, shi ma ya zama na gaggawa. Wannan Asabar ce ta ƙarshe."

Ran Asabar da safe, yana tayar da babur, sai ga shugaban tasha da kansa.

"Silvanus, jirage uku sun haɗu, zo ka taimaka."

Silvanus bai taɓa cewa a'a ba, sai yau. "Ranka ya daɗe, abokin aikina Meshak ya karɓar mini aikin yau. Ya iya, wallahi."

Ya isa Kwoi wando duk taɓo.

"Kai ne mai takardu?" in ji Baba Kambai. "Zauna."

Awa huɗu dattijon ya riƙe shi da labarin noman citta, da gangan. Afiniki na leƙe ta taga, bawan Allah ko agogo bai duba ba.

"Na ba ka ita, ɗana. Ubangiji ya sa muku albarka."

Bayan an haƙe citta aka ɗaura aure. Ango ya riga Fasto isa coci.