Zanen da Ke Hannun Zamani

Tuwon acca Keziya ta tuƙa ranar, da miyar karkashi, don ta san Babanta ba ya iya faɗa idan acca na gabansa. Ranar ce saurayinta Zamani zai zo gaisuwar farko gidansu a Kafanchan. Tun a waya ta ja masa kunne: ya sa riga mai dogon hannu, kada ya ɗauko zancen kiɗa sai an tambaye shi.

Da farko komai ya tafi daidai. Baban nata, Baba Yafet, tsohon hedimasta kuma dattijo a coci, har dariya ya yi. Sai aka kawo ruwan wanke hannu, Zamani bawan Allah ya manta, ya naɗe hannun rigarsa.

Ga shi nan baƙi ƙirin a cikin hannunsa na hagu, daga wuyan hannu ya haura sama: layuka kamar kunyar gona, da ɗige-ɗige a tsakaninsu.

"Mene ne wannan?" in ji Baba Yafet.

"Zane ne, Baba."

"Na ga zane ne, ai ba makaho ba ne ni. Na wace ƙungiya ne?"

"Ba ƙungiya ba ce, Baba. Na mamana ne, ita ce..."

"Kada ka sa mamanka cikin wannan. Ashe kai ne mai jitar nan na lambun shaƙatawa na bakin titi, inda yara ke busa wiwi a bayan katanga suna gardamar wai a halatta ta. Tashi ka bar mini gida."

To, gaskiya ne akwai masu busawa a bayan katangar, Zamani kuwa ko sigari bai taɓa sa wa bakinsa ba. Abin da Baba Yafet bai tsaya ya ji ba shi ne su waye ke cika lambun nan duk Lahadi bayan sujada. Mutanen ƙauyen su Zamani ne, waɗanda 'yan bindiga suka tarwatsa, suka watsu a Kafanchan, wannan na dako, waccan na wankin citta. Idan ya ɗauki jita ya ja waƙoƙin yarensu, nan suke ganin juna, nan ake jin wa ya haihu, wa ya rasu. A harin aka kashe mamansa, gidan ya ƙone da hotunanta duka. Jarfar da ke hannunta ce kawai ya riƙe a kansa, ya zana a takarda, ya kai aka yi masa tatu irinta. Tsofaffin matan ƙauyen sukan kama hannun su shafa, su kira sunanta.

Keziya ta san duk wannan. Ta yi kuka, ta yi azumi, ta turo Fasto, Baba Yafet ya ce magana ɗaya gare shi: Littafin Firistoci ya hana zane a jiki, a goge, ko kuwa a manta da aure.

Da abin ya ishe ta, ta je ta sami Zamani a ɗakinsa yana gyara tsirkiyar jita.

"Filis, don Allah, Zamani, fata ce kawai fa."

"Ba fata ba ce kawai, kin sani."

"Na sani. Amma Dadi ba zai sauko ba, na san halinsa." Ta share hawaye, sai bakinta ya riga hankalinta. "Mamanka ta riga ta tafi. Ni ina nan. Wa za ka zaɓa?"

Ya ɗago ya kalle ta. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Abin da kike so ke nan?"

"Ina so in zama matarka."

"To, shi ke nan," in ji shi, ya ci gaba da ɗaure tsirkiyarsa.

Wani a gareji ne ya ce masa ruwan batir na cinye tatu, ya bar ɗan tabo kawai. Bai yi shawara da kowa ba, ya samo ruwan ya zuba wa hannun. Maƙwabcinsa ne ya kira Keziya daga asibiti, ta baro tukunya a wuta ta hau acaɓa ko ɗankwali babu.

Washegari Baba Yafet ya zo asibitin da Littafi Mai Tsarki a hammata, fuskarsa a sake, wai yaro ya yi biyayya, ya zo yi masa addu'a. Ya tarar da wata tsohuwa zaune a bakin gadon, Mama Miriyam, ƙawar marigayiya tun suna 'yanmata. Ba ta ko amsa gaisuwarsa ba.

"Kai ne baban yarinya?"

"Ni ne, Mama."

"Ni na riƙe hannun mamansa ranar da aka yi mata wannan zane, muna yara, tana kuka ina kuka. Da wannan hannu aka yi mata baftisma. Da shi ta riƙe ganga a zumuntar mata har ta mutu, ba faston da ya kore ta." Ta nuna hannun Zamani da ke naɗe da bandeji. "Ba mu samu gawarta ba, Malam. Ba kabari. Idan ina so in gaishe ta, hannun yaron nan nake zuwa in kama. Yanzu ina zan je?"

Baba Yafet ya dubi bandejin. Ya juya ga Zamani.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na fara, Baba," in ji Zamani a hankali.

Tsohon ya ajiye Littafin a kan gado. Mutumin da Keziya ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne ƙaninsa, ya durƙusa a kan simintin asibiti yana cewa, "Ɗana, ka gafarta mini. Na ba ka ita. Tun ranar ya kamata in ba ka."

Ya ba shi ɗin kuwa. Sai dai likita ya ja Keziya gefe ya ce ruwan ya ci har jijiya. Ciwon zai warke, amma yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasa ba, kuma su ne masu danna tsirkiya.

An ɗaura aure a coci, mutanen ƙauyen suka cika benci har waje. Baba Yafet da kansa yake zuwa lambu yanzu duk Lahadi, ya zauna a baya, ba ya jin yaren amma ba ya tashi sai an gama. Zamani na waƙa, wani ke kaɗa masa jita. Mutane suna zuwa, suna rawa, amma duk wanda ya san hannun da, ya san ba ɗaya ba ne.

Haƙurin Zamani ya samo masa matar da yake so, da suruki mai ƙaunarsa kamar ɗan cikinsa. Amma iyaye, ku bar yaro ya ƙarasa maganarsa kafin ku yanke hukunci. Ku kuma masoya, ku ji tsoron abin da kuke roƙa a wurin mai sonku, domin zai iya ba ku.

Kullum da safe Keziya kan zaunar da shi ta shafa wa hannun man kaɗe, tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya ko Ubangiji zai sa su motsa. Wata safiya ta kasa daurewa.

"Ka zage ni mana, ko sau ɗaya. Ka ce ni na jawo."

"Ba ke kika zuba ba, Keziya."

"Ni na ce ka zaɓa."

"E," in ji shi. "Na kuwa zaɓa."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da murzawa, hawaye na ɗiga a kan tabon. Yatsun ba su motsa ba.