Kwana Arba'in Ba Ƙwaya

A shekarar da aka buɗe masaƙa a Kakuri, Tanko ɗan Malam Abubakar maƙeri yana da shekara ashirin da huɗu, yana kuma ji da kansa fiye da kima. Wata ranar Talata yana bakin maƙerarsu a unguwar Makera sai ga wata budurwa riƙe da kaskon suya wanda kunnensa ya cire. Ta ce sunanta Dije, innarta mai ƙosai ce ta aiko ta daga Nasarawa.

Ya karɓi kaskon yana juya shi, yana zuba mata bayanin da ba ta tambaya ba. Da ya ɗaga kai sai ya ga ta kafe shi da ido ko ƙiftawa babu, yatsunta na murza bakin mayafi, leɓɓanta na motsi. Bawan Allah sai ya gyara tsayuwa, don ba a taɓa samun budurwar da ta kalle shi haka ba.

"Kallon ya isa haka, kada ki sa in ƙone," in ji shi.

Ba ta amsa ba. Can sai ta ja numfashi, ta dubi kaskon, ta dube shi, ta ce, "Me ka ce?" Sannan ta sunkuyar da kai ta wuce da sauri. Ranar Tanko ya yini yana dukan ƙarfe yana murmushi, har ya bugi babban yatsansa.

Gyaran yini ɗaya ne, amma sai da kaskon ya kwana huɗu. Daga nan ya fara zuwa zance zauren gidan hayarsu bayan la'asar. Kunya ba ta barinta ta kira sunansa, sai ta sa masa Mai Guduma. Wata biyu ana haka, kullum sai ya tuna mata yadda ta kasa ɗauke ido a kansa ranar farko.

Ran nan ta ce, "Mai Guduma, kallon nan da kake taƙama da shi ba ni na yi shi ba. Ban ma san na yi ba. Farfaɗiya gare ni."

Ba zan rufa masa asiri ba, ja da baya ya yi. Shi ma da jin cewa miyau ɗin mai farfaɗiya na yaɗa ciwon ya tashi, kamar kowa. Dije ta ga tazarar da ya buɗe a kan tabarma, abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta yi kuka ba.

"Ka je wurin Malam Shekari na ɗakin magani a Kakuri," ta ce. "Ka ce ni na yarda ya faɗa maka komai."

Sai da ya kwana uku yana jin kunyar kansa kafin ya je. Malam Shekari mutumin kudancin Zazzau ne, mai furfura, ba ya zagaye-zagaye.

"Ciwon nan ba iri ɗaya ba ne," ya ce. "Akwai babban da kowa ya sani, mutum ya yi ƙara ya faɗi, ya sandare, ya yi ta fizga, kumfa a baki. Akwai mai ɗauke hankalin yara na ɗan lokaci, a yi ta dukansu wai ba sa ji. Akwai mai farawa daga hannu ɗaya. Nata da wari yake farawa, ta ji kamar tsumma na ƙonewa, sai kallo da murza mayafi. Wani lokaci ya tsaya nan, wani lokaci ya zarce ya zama babban."

"Miyau ɗin fa?"

"Shekara goma sha ɗaya ina share musu baki da hannun nan. Ka taɓa jin na faɗi?"

Ya zazzage ƙwayoyi a tafin hannunsa ya nuna masa. "A da ruwan buromaid ake ba su, mai sa ƙuraje da dakushe tunani. Ita dokta ya sa ta a kan ƙwaya iri biyu. Wannan ƙaramar finobabiton ce, tana sa barci da kasala. Wannan fenitoyin, tana kumbura dasashi. Wata goma sha huɗu ke nan babban bai zo mata ba. Amma ka buɗe kunne, maganin nan ba ya warkarwa, riƙewa yake yi. Aka daina shi farat ɗaya, ciwon da fushi yake dawowa."

Tanko ya roƙi alfarma, aka naɗe maganin Dije na makon nan a cikin takardar da ya rubuta da ajami:

"Zuwa ga Dijena. Na ja baya, kin gani, ni ma na ga kaina. Ki yafe mini. In kallon farko ba naki ba ne, ina roƙon na biyu. Tanko."

Amsarta ta zo masa naɗe da ƙosai mai zafi:

"Mai Guduma, na yafe. Ka zo bayan la'asar. In na yi hamma kada ka ce hirarka ce, ƙwaya ce."

Da maganar aure ta taso, Malam Abubakar ya tura ƙanwarsa Goggo Binta bincike, kamar yadda ake yi. Ko yini ba ta yi ba ta dawo da labari, don matan unguwa ba sa jiran a tambaye su. Sun gaya mata har ƙwaryar shan ruwan yarinyar daban take.

"Ga Jummai 'yar ƙanena, lafiyarta lau," in ji Malam Abubakar. "Gidan nan gidan wuta ne. Zan kawo mai faɗuwa cikinsa?"

"Baba, ta fi shekara ba ta faɗi ba."

"To ta warke ke nan?"

"Tana shan magani."

"Wanda ya warke ba ya shan magani. Ni duk maganin da na sani, ana sha ne a gama. Ta yi kwana arba'in ba ƙwaya ba faɗuwa, da ƙafata zan kai goro."

Tanko ya san abin da wannan sharaɗi zai jawo, sai ya haɗiye shi bai gaya mata ba. Ya manta da bakin Goggo Binta. Ita kuwa da zuciya ɗaya, tana ganin taimako take yi, ta tare Dije a bakin famfo ta raɗa mata.

Dije ta gaji. Ta gaji da ƙwarya daban, da nauyin kai, da rufe baki in za ta yi dariya saboda dasashi. Kwana arba'in kawai aka ce. Washegari ta fara zuba ƙwayoyin a masai, ba ta gaya wa ko innarta ba.

A makon farko sai ta zama wata Dije daban. Hamma ta tafi, idonta ya washe, bakinta ya buɗe da zolaya.

"Yau kin yi kyau, Dijena. Wa ya yi miki albishir?"

"Kai dai ka tanadi goro, Mai Guduma."

Ya tafi gida yana jin daɗi, yana cewa soyayya ce. Karo na biyu ke nan da ya dubi ciwonta ya ɗauka don shi ake yi.

Ranar ta tara da hantsi, Malam Shekari ya tsayar da kekensa a bakin maƙera. "Tanko, yarinyar nan ba ta zo karɓar magani ba ranar Litinin. Lafiya?"

Tanko ya yar da guduma ya kama gudu, ya tsallaka layin dogo bai duba ba.

Tun daga zaure ya ji salati. Inna Hauwa, mahaifiyar Dije, ta tafi niƙan wake. Ita ba ta taɓa barin 'yarta kusa da murhu, amma ranar Dije ta ji garau, ta zauna ta fara suya. Baƙon namiji ba ya shiga cikin gidan matan aure, Tanko dai ko sallama bai yi ba.

Dije na kwance tana fizga, hannunta na dama cikin garwashi, mai ya zube mata a kafaɗa. Mata biyar na tsaye jikin katanga, sun janye 'ya'yansu, sun toshe baki da mayafi, suna kuka. Duk suna sonta, amma tsoron miyau ya hana ko ɗaya matsowa.

Ya janye ta, ya juya ta gefe ɗaya kamar yadda aka koya masa, ya share mata baki da rigarsa. Ciwon ya sake ta, ya sake kamawa, sau huɗu ba ta farfaɗo ba. Malam Shekari ya iso ya yi mata wata allura mai ƙarfin wari, aka tare motar itace aka haye gada da ita zuwa asibiti.

Ta rayu. Yatsu biyu aka cire, ragowar suka ƙandare, tabo ya hau daga kafaɗa zuwa ƙasan kunne. A gida kuwa Malam Abubakar ya sa aka ƙone rigar Tanko, aka ware masa akushi, ya zuba ido yana jiran ranar da ɗansa zai faɗi. Mako ya bi mako, Tanko na hura wuta yana dukan ƙarfe, ba ya magana da kowa, bai kuma faɗi ba.

Bayan wata biyu Malam Shekari ya kawo takarda, rubutun ya karkace don da hagu aka yi shi:

"Mai Guduma, kwana tara na iya. Ba zan warke ba, dokta ya ce har mutuwa zan sha ƙwaya. Hannun ma babu. Na sauwaƙe maka alkawari. Ka auri mai lafiya, kada ka zo, ba na so ka ganni. Dije."

Tanko ya karanta, ya je ya ajiye ta a gaban mahaifinsa. "Baba, ga amsar sharaɗinka. Ba zan saɓa maka ba, amma in ba ita ba, ba zan yi aure ba."

Tsohon ya karanta sau biyu. Washegari ya ɗauki sandarsa ya haye gada zuwa asibiti shi kaɗai. Ya tarar da Inna Hauwa a bakin gado, ya gaishe ta, ya ce a nuna masa hannun. Shekara arba'in yana aiki da wuta, ya san abin da garwashi ke yi wa fata in an janye da wuri, ya san abin da yake yi in an bari.

"Hannun nan ya daɗe a ciki," ya ce a hankali. "Mutum nawa ne a gidan?"

"Biyar, Baba," in ji Dije.

"Da ina nan, da ni ne na shida." Ya dubi Dije. "'Yar nan, ni na ce arba'in. Bakina ne ya ƙona ki. Me kike so in yi?"

Dije ta ce, "Baba, ba na so a sake ɓoye ni. In za a ɗaura, a faɗa gaban shaidu cewa ban warke ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko aka ɗaura aure a ƙofar gidan kawunta Malam Bello. Mutanen da suka zo ba su cika tabarma uku ba, wasu ma da aka miƙa musu goro sai suka ce sun gode. An yi wa amarya lalle a hannun hagu kawai.

Malam Bello ya ɗaga murya ya ce, "Muna ba ku Dije da farfaɗiyarta. Ba ta warke ba. Tana shan magani safe da yamma, ba kuma za ta daina ba."

Nan take wani ya tashi ya ɗauki takalminsa.

"Mun ji, mun karɓa," in ji Malam Abubakar. "Duk wanda ya ce ta daina, da ni zai yi."

Kafin ta tare, Tanko ya ƙera shingen ƙarfe ya kewaye murhun ɗakinta da shi. Da ta gani sai ta shafa ƙarfen da hannun hagu, hawaye suka zubo mata.

"Zan sake faɗuwa fa, Mai Guduma."

"Na sani, Dijena."

"Ba ka jin tsoro?"

"Ina ji. Kullum zan ji. Amma ina nan."

Da la'asar aka kai su gaishe da Malam Abubakar. Ya ɗora hannu a kan ɗansa, sannan ya ɗora ɗayan a kan surukarsa, bai janye ba har ya gama addu'a.

"Allah Ya ba ku haƙuri da abin da ba ya warkewa. Allah Ya sa duk inda za ta faɗi akwai mai ɗaga ta. Allah Ya yi muku albarka."

Suka ce amin tare.