Furfurar Fijon Barau

Akuya ce ta haɗa su. Wata ranar Alhamis a shekarar 1977, Safara'u, sabuwar malamar firamaren Gagarawa, ta tsaya a tasha tana neman motar Maigatari. Sai ta ga wani saurayi mai suna Barau durƙushe gaban tsohuwar Fijo, yana shafa man gyaɗa a baƙar robar da ke tsakanin fitilu, wadda rana ta dafa har ta koma ruwan toka. Yana shafawa ta dama, akuya na lashewa ta hagu.

Dariya ta ƙwace mata.

"Malam direba, kai ke ciyar da awakin garin nan?"

Barau ya ɗago, tsumman ya suɓuce daga hannunsa bai sani ba. Bai taɓa ganin budurwar da ke duban mutum ido cikin ido haka ba.

"Malama, motar ce ta yi furfura, ni kuwa ba na son a kira ta tsohuwa."

Tun daga ranar kujerar gaba ta zama tata. Shi ya ce da ita Malamata, ita ta ce da shi Nawa.

Da magana ta kai ga mahaifinta, Malam Ilu ya girgiza kai.

"Direba ba shi da riƙo. Mota ta koɗe ya sayar, mace ta koɗe ya saki. Dubi gaban motarsa ma. Ga Sajo ɗan gidan masu hatsi na Gumel da sabuwar mota. Ban tilasta miki ba, amma ban ba direba 'yata ba."

"Baba, to zan jira," in ji ta.

Ta kuwa jira. Damina ta wuce, aka yi girbi. Gwaggonninta suka ce boko ya kangarar da ita. Sajo ya yi ta sintiri har ya gaji. Ita dai kullum ta goge kayanta ta tafi makaranta, kanta a sama, ko sau ɗaya ba wanda ya ga hawayenta.

Abin da ya kusa karya ta shi ne labarin da ya iso, wai Barau ba ya ƙetare gidan wata Talatu a Ɗanzomo. Ta daina shiga motarsa. Ya tare ta a bakin makaranta.

"Malamata, me na yi?"

"Je ka tambayi Talatu."

Ya zagaya bayan motar ya buɗe but. Kwalabe ne fal, duk babu komai ciki.

"Talatu mai man gyaɗa ce, kuma ta girmi innata. Tun da na ji abin da Baba ya faɗa nake shafa wa robar kullum. Da safe ta yi baƙi, kafin azahar ƙura ta manne, ta fi da muni."

Safara'u ta rufe baki da gefen mayafi, ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

"Nawa, kawo motar ƙofar gidanmu ranar Asabar."

"Gaban Baba?"

"Gaban kowa."

Ranar Asabar unguwa ta taru kallo. Malam Ilu na kan tabarmarsa a bakin zaure. Safara'u ta fito da sabulun salo, suka wanke maiƙon da ya daskare, suka bar robar ta bushe. Sannan ta ɗauko dutsen gugarta cike da garwashi. A kwaleji ta taɓa ganin zafi ya farfaɗo da launin koɗaɗɗiyar roba, amma ba ta da tabbas.

"Kusa da ita za ka riƙe, kada ya taɓa, kada kuma ka tsaya wuri ɗaya."

Barau ya karɓa ya yi bismilla. Da farko ba abin da ya faru. Can sai baƙi ya fara tasowa daga cikin robar kanta, yana bin hannunsa a hankali kamar hadari na haɗowa daga gabas. Wata tsohuwa ta ce, "Allahu Akbar, ashe yana ciki!"

Safara'u ta dubi Barau, gumi na zuba, yatsunsa sun yi ja, amma bai sauke ba. Haka ya bi robar layi-layi har la'asar, ita tana ƙara garwashi, tana bin bayansa da kakin zuma.

Malam Ilu ya taso, ya shafa robar, ya dubi yatsansa. Babu maiƙo.

"Yaro, da wannan wahala ba gara ka sayar ba?"

"Baba, ita ta ɗauke ni lokacin da ba ni da komai. Ina zan kai ta yanzu?"

Tsohon ya juya zuwa tabarmarsa, sannan ya waiwayo.

"Ka turo magabatanka."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Da aka fito da amarya, Malam Ilu da kansa ya rako ta har bakin mota, ya kama hannun ango.

"Barau, 'yar nan tawa ta fi garwashi zafi, ni na sani. Na ga yadda kake riƙo, shi ya sa na ba ka. Allah Ya sanya albarka, Ya sa ku tsufa tare."

Jama'a suka amsa da amin. A ƙarƙashin mayafi, hawayen da Safara'u ta hana zuba tun damina suka samu hanya.