Katin Da Aka Karɓa Cikin Takaba

A filin jirgin Doha aka tsayar da Zalihatu, jaka a hannu, ranar da gari ya cika maƙil da 'yan kallon ƙwallon duniya. Ma'aikacin ya duba katinta na izinin zama ya sake dubawa, ya ce ba inda za ta, akwai ƙara a kanta a kotu. Ita kuwa Kontagora ta nufa, 'yarta tilo Khadijatu ta shiga watan haihuwa, cikin fari, ba uwa a kusa! Nan ta durƙushe tana kuka, masu tutoci da fenti a fuska suna kewaye ta suna wucewa...

Takardar kotun da ta biyo ta ɗakinta na unguwar Al Wukair da Larabci take, ita ko sunanta ba ta iya rubutawa, shara da goge-goge take yi a wata makarantar yara. Aka karanta mata. Wai ta ɗauki mota bashi shekara biyu baya, masu motar suka gaji da jira suka sayar da bashin ga wani kamfani da sana'arsa ke nan: ya sayi bashin mutane da araha ya kai su kotu. Riyal dubu arba'in da shida, a kan matar da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba! Ku ji fa, yau bashi ake saye kamar buhun gero.

Ta kira Baballe, ƙanin marigayi mijinta Mijinyawa da korona ta ɗauke. Ya zo da gaggawa, ya ce kada ta kuskura ta taka kotu, duk wanda ya je tsare shi ake yi, ta yi shiru za su gaji. Ta yi shirun kwana tara. Kamfani na kira safe da yamma, shugabar makaranta ta fara zancen sallama, daga gida kuma aka ce ƙafafun Khadijatu sun kumbura, jininta ya hau. Zalihatu ta kasa zama ta kasa ci, daga taga sai ƙofa, daga ƙofa sai kan darduma, tana cewa ya Allah kai ne shaidata...

Maƙwabciyarta Nasiratu, malamar asibiti 'yar Kumasi, ita ta karanta takardar har ƙarshe, ranta ya ɓaci.

"Inna, shirun nan shi suke so. Kwana huɗu ya rage. In ba ki amsa ba, alƙali zai yanke hukunci ba ki nan, khalas, shi ke nan."

Suka je wurin mai rubuta takardun kotu, aka rubuta amsa gajera: ba ta san bashin ba, su kawo ainihin takardar da suka ce ta sa wa hannu. Ta dangwala yatsa. Ranar zama lauyan kamfanin ya zo da kwat mai sheƙi, amma abin da ke hannunsa jerin sunaye ne kawai. Alƙali ya ba shi mako guda ya kawo ainihin takardar. Makon nan Zalihatu ta rame kamar mai jinya, duk ƙarar waya gabanta ya faɗi.

Takarda ta zo, da sa hannu da rubutun boko rangaɗau, da kwanan wata: Agustan shekarar korona. Da tafintan kotu ya faɗa mata watan, ta ƙirga da yatsunta, sai ta dubi alƙali ta ce:

"Ranka ya daɗe, a watan nan takaba nake yi, ko ƙofar gida ban leƙa ba. Katina kuwa mutum ɗaya na ba. Ya ce tunda ba na fita, shi zai sabunta min izinin zama."

Alƙali ya sa a nemo motar. A bakin filin ƙwallo na Al Rayyan aka same ta, Baballe a ciki yana lodin 'yan kallo! Da aka shigo da shi ya zube a gabanta yana hawaye, wai Yaya ta rufa masa asiri don darajar marigayi.

"Marigayin da ko arba'in bai yi ba ka karɓi katina? Ka ci abincina, ka kalli idona ka ce in yi shiru. Tashi daga gabana."

Aka kori ƙarar, aka ɗage mata dokar hana fita, aka wuce da Baballe gidan yari, bashin ya koma wuyansa. Kamfanin nan ko sannu bai ce mata ba, har yau, kuma Allah na nan.

Ba ta riski haihuwar ba, tiyata aka yi wa Khadijatu ita kaɗai. Ranar jajibirin suna Zalihatu ta isa Kontagora. Khadijatu ta ɗago daga gado da ƙyar ta ce, "Inna, na ɗauka ba za ki zo ba." Zalihatu ta ajiye jaka, ta karɓi jaririyar, hawaye na ɗiga a kan zanen goyo, sannan ta tambayi inda itace yake, ta fita ɗora ruwan wanka.